Agogo Mai Aiki da Jini

Shekarun baya can, ƙasar nan ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, ina saurayi ina koyarwa a wata 'yar makarantar elementare a Makarfi, son agogo ya kama ni kamun da ba ya jin magani. Kwanan nan wani daga cikin masu bibiyar rubutuna ya nemi shawarata, wai yana so ya sayi agogonsa na farko mai daraja amma aljihunsa bai kai ba. Na ba shi amsa a taƙaice. Sai dai tambayar tasa ta tono mini wannan labari, shi ya sa na ce bari in ba ku shi gaba ɗaya.

Wanda ya jefa ni cikin wannan hali wani sufeton makarantu ne da ya zo mana daga Zariya. Ya zauna a bayan ajina yana sauraron yadda nake koyar da lissafi, ni kuwa bakina na kan darasi, idona na kan wuyan hannunsa. Agogo ne fari, ba shi da wani tarkacen ado, amma in ya motsa hannu sai ka ga haske ya gilma a bango. Mu a lokacin agogon da muka sani shi ne wanda ake wanawa, irin na hedimastanmu, wanda kullum da safe sai ya ciro shi daga aljihu ya murɗa masa kunne kafin a buga ƙarfen shiga aji. Da aka tashi na yi ƙarfin hali na tambayi sufeto sau nawa yake wana nasa a rana. Ya yi murmushi ya ce shi bai taɓa wana shi ba, muddin yana ɗaure a hannunsa ba ya tsayawa. Har yau ban san abin da ya je ya faɗa a kan koyarwata ba, kuma wallahi a ranar ban damu in sani ba.

Albashin malamin elementare a wancan zamani, in ka cire ci da sabulu da abin da za ka miƙa wa gida, abin da ke saura ko maɗaurin irin wannan agogo ba zai saya ba. Amma ni mutum ne mai kafiya tun ina yaro. Na yi sallama da mai tsire, na daina zama wurin mai shayi, tsohon kekena da na yi niyyar sauyawa na ce ya yi haƙuri mu ƙara shekara tare. Da aka sare raken 'yar fadamar da mahaifina ya bar mana, rabona ban taɓa shi ba. Mahaifin nawa ya rasu tun ban yi wayo ba. Mahaifiyata ce ta riƙe mu, ni da yayata mace, a Nasarawan Doya, da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Doguwar mace ce siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi maka tambaya ɗaya sai ka kwana kana neman amsa. Ni ne autanta, kuma da Auta take kirana har na yi furfura.

Da na ga abin da na tara ya ɗan yi kauri, sai na nemi abokina ya raka ni Zariya. Wannan aboki nawa malamin awon auduga ne, Allah ya yi masa baki. Bai taɓa mallakar agogo ba a rayuwarsa, amma in kun ji shi yana bayani sai ku rantse a gidansu ake ƙera su. Muka hau motar 'yan kasuwa da sassafe, muka sauka Sabon Gari ƙura har cikin kunne.

Muka fara da wani babban kanti na Turawa. Ga agoguna nan jere cikin akwatin gilashi, kowanne kwance a kan ɗan ƙyallensa. Na hango irin na sufeto sak, na nuna. Da yaron kanti ya faɗi kuɗinsa, abokina ya tambaye shi da gaske ko kuɗin duka akwatin yake nufi. Yaron bai yi dariya ba, mu ma ba mu ƙara minti guda a ciki ba. Muna fitowa sai ga wani ɗan koli da faranti cike da agoguna masu ruwan zinare, suna ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Ya rantse mana su ma ba a wana su, kuma kuɗin da ya faɗa zai bar mini canjin da zan ɗinka sabuwar riga. Abokina ya rikice. Ya ce in na ɗaura wannan, tun daga bakin kasuwar Makarfi za a san malam ya shigo gari. Ni ma raina ya biya, har na sa hannu a aljihu. Allah ya taimake ni na kalli hannun ɗan kolin, shi ma irinsa ya ɗaura, sai na ga inda agogon ke kwanciya fatar ta yi kore shar. Na ce masa bari mu zagaya mu dawo, irin dawowar da kowa ya san babu ita.

Can wajen tashar jirgi muka samu wani mai gyaran agogo, mutumin Kudu ne amma Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka haife shi. Na faɗa masa gaskiyar abin da nake so da gaskiyar ƙarfina. Ya jawo wani ɗan gwangwani ya ciro wani agogo da ya ce na wani Baturen reluwe ne da ya tattara ya koma ƙasarsu, aka yi gwanjon kayansa. Ba shi da maɗauri. Gilashinsa da ɗan ƙarce a gefe, fuskarsa kuma ta ɗan sauya daga fari ta koma kalar kindirmo. Abokina ya taɓe baki ya ce mun zo Zariya ne sayen tsohon kaya? Mai gyara ya juya agogon ya buɗe bayansa ya miƙo mini gilashin da yake maƙalawa a ido.

Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ina faɗin haka ne bayan na yi tsawon rai na ga abubuwa. Ƙananan ƙafafu masu haƙora, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, kowace tana tura 'yar'uwarta ba gardama. Ga wasu jajayen duwatsu ƙanana an dasa su nan da can. Ga wata 'yar waya siririya kamar gashi tana buɗewa tana rufewa ba ta gajiya. A saman su duka akwai wani ɗan faifan ƙarfe, rabin da'ira, wanda da ka karkata agogon sai ya yi lilo ya zagaya. Mai gyara ya ce wannan faifan shi ke wana agogon, duk lokacin da mai shi ya motsa hannu, ko tafiya yake ko alwala ko cin tuwo. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya zauna a wata ƙasa mai sanyi ya goge kowane ɗan ƙarfe har ya yi sheƙi, alhali ya san a rufe za su zauna ba mai ganinsu. A nan take na san na gama zaɓe.

Ciniki ya ɗauke mu har bayan azahar. Ya ce zai sa mini sabon gilashi da maɗaurin sarƙa, na ce a'a, ya bar mini ƙarcena da tsiraicin agogona ya rage kuɗi. Da ƙyar muka daidaita, na juye masa aljihuna kaf. Abokina ne ya biya mana kuɗin mota yana mita, da yunwarmu muka kamo hanya.

To, a cikin motar nan aka fara ɓarna. Mutumin da ɗazu yake taɓe baki, da ya ga fasinjoji sun zuba ido ina jujjuya agogo a tafin hannu, sai ya gyara zama ya shiga yi musu bayani. Ya ce wannan ba irin agogon da suka sani ba ne, wannan da jinin mai shi yake aiki. Ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, a lokacin mutane da yawa haka suka ɗauka, har da masu ilimi. Na yi ta ƙoƙarin in kawo zancen faifai da lilo, ba wanda ya saurare ni, don nasa labarin ya fi nawa daɗi. Kafin baduku ya gama ɗinka mini maɗauri na jar fata, labari ya riga ni isa Nasarawan Doya.

Ƙarshen mako na hau keke na nufi gida, hannun riga a naɗe har gwiwar hannu ko da yake ana ɗan sanyi. Na tarar da Inna a tsakar gida tana matsar tunkuza. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi makaranta da yara da hedimasta da gajiyar hanya, duk ba ta kalli hannuna ba. Sai da na sha ruwa na huta ta ce in matso.

"Auta, shi ne abin da aka ce yana shan jini?"

"Inna, ba ya shan komai. Wani ɗan ƙarfe ne a ciki, in na motsa hannu sai ya juya, shi ke nan."

"In ka cire ka ajiye fa?"

"Yakan ɗan jima yana yi, daga baya ya tsaya."

"Ya mutu ke nan."

"Ya dai tsaya, Inna."

"In ka mayar hannunka kuma ya tashi."

Na ce e.

"To me ke motsa hannun in ba jini ba?"

Ta goge hannunta ta ce ita ba ta hana ni ba, da gumina na saya, amma ranta bai kwanta da shi ba, kuma da zan ji tata da na rabu da shi. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na san abin da uwa ba ta yi na'am da shi ba, albarkarsa kaɗan ce. Amma kuma in na kalli agogon nan sai in ji ba zan iya ba. Haka na zauna tsakanin biyu, ina so in riƙe agogona, ina so Inna ta saki ranta, na kasa samun duka.

Daga ranar duk zuwan da zan yi gida sai ta kira ni wurin haske, ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta juya tafin hannuna ta duba. Zogale kuwa na ci shi har na fara jin kunyar awaki. In an yi yanka a gari, hanta tawa ce. Ni ina dariya a ɓoye, ina cewa da sannu za ta saba. A Makarfi kuma ba abin da ya fi mini daɗi irin a tambaye ni lokaci. Wanda bai tambaya ba ma nakan faɗa masa.

Ƙarshen damina, dawa ta fara fitar da kai, ciwon shawara ya kwantar da ni. Idanuna suka yi ruwan ɗorawa, ko ƙanshin mai ba na so in ji, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Malamin asibiti ya ba ni magani ya ce in samu hutu, abokina ya goyo ni a keke ya kai ni gida. Daga nan akwai kwanakin da ban san inda kaina yake ba. Ina dai tuna muryoyin masu zuwa dubiya, da hannun Inna a goshina.

Ranar da na fara dawowa hayyacina, abin da na fara yi, kuma ba na alfahari da shi sosai, shi ne na shafa wuyan hannuna. Wayam. Sai farin zanen da maɗauri ya bari a fata. Na tambayi Inna, ta ce ta adana, in ji da lafiyata. Na tambayi Yaya, wadda ta baro gidan mijinta ta zo jinya, ta kau da kai ta ce ba ta sani ba. Nan fa zuciyata ta ba ni cewa an gama da shi. Ko an jefa shi rijiya, ko an kai wa maƙeri ya daddatsa. Da abokina ya zo dubiya na raɗa masa ya leƙa mini rijiyar gidan. Ya je ya daɗe yana leƙe, ya dawo ya ce shi ban da fuskarsa bai ga wani abu mai daraja a ciki ba. Na juya fuskata bango. Ina jin haushin Inna, ina jin kunyar jin haushinta, ga jiki ba ƙarfi.

Wata rana da hantsi ta shigo da jiƙon da take ba ni. Har lokacin ba na iya tashi zaune da kaina, sai ta tallafo kaina ta jingina da damtsenta ta kafa mini ƙwarya a baki. Ina cikin sha sai na ji wani ɗan sauti siriri dab da kunnena, tik-tik-tik, ta cikin mayafinta. Na daina sha. Na ce Inna, me ke ƙara a hannunki? Ta ce in shanye maganina, ta gyara mayafi ta fita. Jim kaɗan na ji ta fara daka. Da ƙyar na ja jiki zuwa bakin ƙofa na ɗaga asabari. Tana ɗaga taɓarya mayafin ya zame, sai ga jar fatar nan ɗaure a damtsenta na hagu, inda maza ke ɗaura kambu, an ƙara mata tsawo da igiyar rama.

Dariya ta ƙwace mini, ta farko tun kwanciyata. Na yafito Yaya na ce ta zo ta ga ikon Allah, ashe Inna son agogon take yi, ta fake da faɗa har ta samu na kwanta ta gaje shi da raina. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta shigo ta saki asabari, ta zauna a bakin gado, ta ce an hana ta faɗa amma ba za ta iya jin ina wannan dariyar ta yi shiru ba.

Ta ce a kwanakin da ban san kaina ba, ina kwance ba motsi, sai agogon ya tsaya a hannuna. Masu dubiya suka gani, suka ga tafin hannuna fari fat, suka ce ai ga shi nan, ya shanye jinin yaron har shi ma ya rasa na sha. Wasu suka ce a cire a jefar. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce kul, abin da ya riga ya ɗanɗani jinin mutum ransu ya zama ɗaya, in aka bar shi ya mutu mai shi zai bi shi. In an bar shi a hannuna zai ƙarasa ni, in an jefar zai tafi da ni. Inna ta saurari kowa. Da mutane suka watse ta kwance shi daga hannuna, ta sa Yaya ta ɗaura mata a damtse, ta ɗauki taɓarya ta shiga dakan geron da za a yi mini kunu. Da ta gama ta ce Yaya ta duba mata. Yaya ta duba, ta ce ɗan siririn hannun agogon yana tafiya.

"Ka san abin da ta ce? Cewa ta yi, alhamdu lillahi, ya karɓi nawa."

Yaya ta ci gaba, ta ce tun daga ranar Inna ta sallami matan da ke taya ta dakan gyaɗa, ita kaɗai ke yi, don ta lura in tana aiki ya fi tafiya da ƙarfi, kuma a ganinta in ya ƙoshi da nata ba zai waiwaye ni ba. Ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaisuwa, alhali yafiya take nema. Ta ba wani mai zuwa kasuwar Hunkuyi saƙon alawayyon likkafaninta, don kada a saya a nan kusa a gane, ga shi can a naɗe ƙarƙashin gadonta. Ta faɗa wa Yaya wadda take so ta yi mata wanka. Duk wannan tana yi tana dama mini kunu, tana tsokanar masu dubiya, ba wanda ya ga sauyi a fuskarta.

Na yi kuka ranar nan irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ni na san faifan ƙarfe ne ke lilo a ciki, na gan shi da idona. Amma ita ba ta sani ba. A iya saninta, abin da ta ɗaura a hannu yana tsotse ta kaɗan-kaɗan, kuma da hannunta ta miƙa masa, tana ma ƙara masa da aiki don ya sha da kyau.

Da na samu ƙarfin zama na same ta da la'asar tana tsince gyaɗa. Na ce mata na ji komai, kuma na yanke shawara, da na warke zan kai shi Zariya in sayar. Da gaske nake, a lokacin ko kyauta aka ce in bayar zan bayar. Ta ɗago ta dube ni.

"Ka sayar wa ɗan wa? Shi ba shi da uwa?"

Na ce to mu jefa shi rijiya kowa ya huta. Ta ce wannan kuma ba da ita ba, ba ta raine ni don ta yi caca da raina ba. Na sake ɗauko bayani daga farko. Har na roƙe ta ta ba ni shi, in bari ya tsaya a gabanta ga ni zaune da raina, amma ta ƙi yarda a kai ga haka. Sai na lallaɓa ta ta kwance mini na ɗan lokaci, na naɗe shi da tsumma na ɗaure a jikin taɓarya, ina addu'ar kada ya tarwatse, na sa Yaya ta yi ɗan daka a hankali, na nuna mata yana tafiya ba tare da ya taɓa fatar kowa ba. Ta duba da kyau ta ce ai hannun mutum ne dai riƙe da taɓaryar. Daga nan na san ban da wata dabara.

Ita ce ta kawo mafita, bayan na warke sarai har ta duba idona ta gamsu. Ta kwance shi ta ɗaura mini da kanta. Ta ce ta ga yadda nake kallonsa, ba za ta raba ni da shi ba, ta kuma sa masa albarka. Amma da sharaɗi: duk ƙarshen makon da na zo gida zan ba ta ta riƙe mini, jinina ya huta, in zan koma ta ba ni. Na so in yi gardama, sai na ga wannan ne kaɗai abin da zai sa ta yi barci. Na yarda.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Aka mayar da ni Ikara, aka kai ni Kudan, na yi aure, na haihu, tsarin bai sauya ba. Da na jingine keke a zaure, daga baya babur, zan kwance agogo in shiga da shi a hannu. Mu gaisa, ta miƙo damtse, in ɗaura mata. Ba ta taɓa koyon karanta lokaci ba, fuskar ma ciki take juya ta. Ta yi tsawon rai da lafiyarta har ta goyi 'ya'yana, kuma in aka yi zancen ƙarfinta sai ta ce ai don ba ta wasa da zogale ne, ga shi har mu biyu take ciyarwa, ni da abin hannuna. Alawayyon nan kuwa da ya gaji da jira ta ba da shi sadaka.

Na san wani zai karanta wannan ya ce ai rashin sani ne. Gaskiya ne, a kan agogo Inna ta yi kuskure, kuma har ta koma ga Allah ba ta gyara ba. Amma ni na yi karatu, na zauna da manyan masana, ban ga wanda ya yi da saninsa abin da ta yi da kuskurenta ba. Shi kuma mai neman shawara, abin da na faɗa masa kaɗan ne. Kada ƙyalli ya ɗebe shi, ya sa a buɗe masa ya ga ciki. Tsohon kirki mai ƙarce ya fi sabon da zai bar masa kore a hannu, kuma maɗauri ba abin damuwa ba ne, ana samu daga baya. Nawa yana nan har yau, na sauya masa fata ban san iyaka ba. Yanzu da tsufa ya zaunar da ni yakan tsaya a hannuna, sai in girgiza shi mu ci gaba.

Bayan rasuwarta da gama zaman makoki na koma bakin aiki. Da ƙarshen mako ya zo na hau babur na tafi gida kamar kullum, don in duba Yaya da sauran jama'a. Na kafe babur a zaure, na yi sallama na shiga tsakar gida. Sai da na isa ƙofar ɗakinta na ga agogon a tafin hannuna, na riga na kwance shi ban sani ba. Na daɗe tsaye a wurin yana ta tafiya, ban san wa zan miƙa wa ba.